Kun Tambaya, Mun Amsa: Bulon Gilashi a Ginin Zamani

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga bulon gilashi, wanda ake ƙara ganinsa a matakalar benaye da banɗakuna da fuskokin shaguna a biranenmu. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina bene a Kano, kuma maƙwabcina na yamma ya riga ya ta da nasa, tagoginsa suna kallon gefena. Ba na son buɗe taga ta wannan ɓangare saboda iyali, amma in na toshe shi matakala da falon sama za su yi duhu. An ba ni shawara in jera bulon gilashi tun daga ƙasa har sama. Shin hakan zai yi? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar sutura, wanda ya ba ka shawarar bai yi kuskure ba. Bulon da aka fi samu a kasuwa yana da santimita 19 a tsaye da 19 a kwance da kauri 8, kuma ana yin sa ne da ɓari biyu na gilashi da ake matsawa a mazubi, sannan a haɗa bakinsu tun suna da zafi, cikinsa ya zama holoƙo. Kimanin kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kansa yana wucewa, amma zanen igiyar ruwa ko gurzar da ke jikinsa yana warwatsa hasken, ta yadda na waje ba zai gane wanda ke ciki ba.

Inda nake da ja shi ne batun yamma da kuma batun daga ƙasa har sama. Masu sayarwa sukan ce bulon yana hana zafi shiga, maganar kuwa rabinta ce gaskiya. Holoƙon da ke cikinsa yana rage ratsawar zafi daga iskar waje zuwa ta ciki, har ya yi kusa da tagar da aka yi wa gilashi ninki biyu, ya kuma ninka gilashi ɗaya tilo inganci. Amma ranar da ta daki bulon kai tsaye tana shigowa da zafinta tare da haskenta, holoƙon ba ya tare ta. A Kano cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 ko fiye, bangon yamma shi ne ke shan rana tun daga azahar har gab da magariba, gilashin da simintin da ke riƙe da shi kuma su ɗauki zafin su ci gaba da saki cikin gida bayan isha'i. Ga shi ba a buɗe shi, balle a ce iska ta shigo ta kwashe. Mutum zai wayi gari ya sayi haske da kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki.

Kafin ka yanke hukunci, ka je filin da la'asar ka duba inda inuwar benen maƙwabcin take kaiwa, domin mai yiwuwa ginin da ya dame ka shi ne zai kare maka rabin bangon. Inda inuwa take rufewa, ka sa bulon hankali kwance. Inda rana take duka, ka taƙaita shi zuwa siririn layi mai faɗin bulo biyu ko uku da zai bi matakalar, wanda ya wadatar a ga hanya. In tsarin gidan ya ba da dama, gefen arewa ya fi kowane gefe dacewa. Gaskiya ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacin Kano, amma da tsakar rana tana can ƙololuwa, ɗan rufin da ya zarce bango ya isa ya kare. Ko a ina ka sa shi, ka bar ƙaramar taga mai buɗewa a can sama da tsayin mutum, don zafin da ya taru a matakala ya sami mafita.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. Ina ganin hotunan gine-ginen ƙasashen waje da aka ce an yi musu bulon gilashi na musamman. Mene ne bambancinsa da na kasuwa, kuma sabon abu ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, abin ya haura shekara 130. Wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Gustave Falconnier ne ya yi rajistar bulon gilashi mai holoƙo a 1886, kuma a lokacin hura shi ake yi kamar kwalba. Ginin da ya ɗaukaka sunan bulon shi ne Maison de Verre da ke Faris, wanda Pierre Chareau da Bernard Bijvoet suka gina tsakanin 1928 da 1932 don wani likitan mata, Dokta Jean Dalsace. Ki lura da bukatar mai gidan, domin ba ta da nisa da ta Alhajin da ya yi tambaya a sama: asibiti da gida a wuri ɗaya, a cikin lungun da gine-gine suka kewaye, ana son haske amma ba a son ido. Daga shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka shiga yin sa da yawa, ya cika masana'antu da makarantu, ya sake tashe a shekarun 1980, sannan aka gaji da shi aka mayar da shi kayan banɗaki.

Abin da ya dawo da martabarsa shi ne masu zane sun daina karɓar bulon yadda masana'anta ta ga dama, suka fara tsara shi tare da ginin. Renzo Piano ya gina wa Hermès, kamfanin kayan ƙawa, hedikwatarsa ta ƙasar Japan a unguwar Ginza ta Tokiyo a 2001, ya lulluɓe ta da bulo kimanin 13,000, kowanne mai faɗin kusan santimita 45, waɗanda aka yi a Italiya saboda wannan aiki. Da yake ƙasa ce mai girgiza, an tsara jerin ta yadda zai ɗan motsa tare da ginin maimakon ya tsaya ƙyam ya fashe.

Wanda ya fi burge ni, kuma nake so ki yi nazarinsa da kyau, shi ne gidan da Hiroshi Nakamura ya kammala a Hiroshima a 2012, wanda ake kira Optical Glass House. Gidan yana bakin babban titi mai motoci da jiragen ƙasa na cikin gari. Sai mai zanen ya sa lambu mai bishiyoyi a hawa na sama ta gefen titi, ya tare shi da bangon gilashi mai mita 8.6 tsayi da faɗi. Bulo kimanin 6,000 ne a jikinsa, kuma ba masu holoƙo ba ne, curin gilashi ne zalla, kowanne milimita 235 a tsawo da 50 a kauri. Nauyin bangon ya kai tan 13, don haka ba a dogara da siminti ba: an huda kowane bulo, aka zura su a jikin sandunan ƙarfe 75 da ke rataye daga ƙaton ƙarfen da aka gicciya a sama, kamar yadda ake zura 'ya'yan carbi. Nauyin nan shi ne ke tare hayaniyar titi, mazauna gidan suna ganin giftawar motoci ba tare da ƙararsu ta dame su ba. Abin lura a gare mu shi ne gilashin bai jingina da ɗaki ba, tsakar gida ya kewaye, kuma samanta a buɗe yake, iska tana zagayawa. Wannan tsari ya fi kusa da yanayinmu da al'adar gininmu fiye da lulluɓe falo da gilashi.

Na uku shi ne Crystal Houses a Amsatadam, na ofishin masu zanen gine-gine na MVRDV, wanda aka buɗe a 2016, kamfanin Chanel ya fara zama a ciki. An kwaikwayi fuskar tsohon ginin da ke wurin, amma da curin gilashi kimanin 7,000 da kamfanin Poesia na Italiya ya zuba, waɗanda suke gaurayuwa sannu a hankali da jan bulo na gargajiya yayin da ginin ke yin sama. Babu siminti ko rodi a tsakaninsu sai wani gam garai-garai da ke daskarewa da hasken fitila ta musamman, kuma masu bincike na jami'ar Delft sun gano cewa gam ɗin ba ya jure bambancin da ya wuce rubu'in milimita tsakanin bulo da bulo. Saboda haka sai da aka auna kowane ɗaya. A nan ne kuɗin yake tafiya. Curin gilashi kuma ba a cire shi daga mazubi a ajiye, sai an sanyaya shi sannu a hankali cikin tanderu na sa'o'i masu yawa, in ba haka ba wajensa ya riga cikinsa sanyi ya tsage.

Tambaya: Ina shirin buɗe shagon turare da kayan ado, kuma ina so in yi odar bulo mai launin shagona da tambarinsa don katangar da za ta raba ɓangaren mata. Ya cancanci kuɗin? Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, odar ta musamman hawa-hawa ce. Sauya launi ko gurza fuskar bulon da masana'anta ta riga ta saba yi abu ne mai sauƙi. Sauya girma ko siffa ko sa tambari a cikin gilashin kuwa yana bukatar sabon mazubin ƙarfe, kuma kuɗin mazubin ɗaya ne ko bulo ɗari za a yi ko dubu goma. Ga katanga ɗaya a shago ban ga amfanin hakan ba. Murabba'in mita ɗaya yana cin bulo 25 na kasuwa, don haka katanga mai mita 3 a mita 2 bulo 150 ce kawai. Ki sayi na kasuwa mai launi, ki sa a gurza tambarin a kan 'yan kaɗan daga ciki, sannan ki kashe ragowar kuɗin a kan fitilu masu kyau da gwanin magini. Ki tambaya ko launin a cikin gilashin yake ko fenti ne aka shafa a cikin holoƙon, domin na fenti yakan koɗe in rana tana dukansa. In kuma curin gilashi ne ya shiga ranki, ki sani mai girman bulon kasuwa ya haura kilo 7, wato ninki uku na mai holoƙo, kuma sai injiniya ya duba daɓen kafin a ɗora shi. Duk wanda kika saya, ki ƙara 'yan guda a ajiye, saboda fashewa a hanya da kuma ranar da ɗaya zai karye bayan launin ya ƙare a kasuwa.

Tambaya: Ni birkila ne. Na jera bulon gilashi a wani gida, bayan damina ɗaya wasu suka tsattsage, alhali babu wanda ya buge su. Me ya jawo? Daga wani birkila a Kaduna.

Amsa: Malam, na gode da ka tambaya, domin da yawa sai su ɗora laifin a kan bulon su wuce. Mafi yawan irin wannan tsagewa daga matsi take zuwa. Bulon gilashi ba ya ɗaukar nauyin komai sai na kansa, don haka in aka cusa siminti tsakanin layin ƙarshe da linta, duk ɗan saukar da kankare ya yi a kan gilashin zai ƙare. Haka nan gilashi yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, musamman da hunturu, kuma in an ɗaure shi tam ta kowane gefe ba shi da wurin motsi. A bar rata ta kimanin santimita ɗaya a sama da gefe biyu, a cika ta da soso mai laushi, a rufe bakinta da silikon. Tsakanin layuka a shimfiɗa siririn rodi wanda ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 6, kuma kada ya taɓa gilashin. Rodin gini na yau da kullum in ruwan damina ya same shi yakan yi tsatsa ya kumbura, wannan kaɗai ya isa ya fasa bulo.

Kwaɓin ma daban yake. Gilashi ba ya shan ruwa kamar bulon siminti, saboda haka kwaɓi mai ruwa-ruwa zai sa layukan su zame. A yi shi da tauri, a sa 'yan robobin da ke daidaita rata, a tsaya bayan layuka kaɗan har su kama, a goge simintin da ya ɓata fuskar tun bai bushe ba. Ba a yanka wannan bulo, don haka tun lokacin ta da bango ake auna buɗin da adadin bulon da zai shiga. In bangon babba ne a raba shi gida-gida da ƙarfe ko kankare. Dokar gini ta Amurka, alal misali, ba ta yarda bangon waje guda ya wuce kimanin murabba'in mita 13 ba tare da an raba shi ba.

Tambaya: Da dare in an kunna fitila a banɗaki, ana ganin mutum daga waje? Daga wata uwargida a Sakkwato.

Amsa: Uwargida, ana iya ganin inuwarsa da motsinsa, musamman in bulon mai santsi ne ko mai zanen igiyar ruwa mara zurfi, kuma in fitilar tana bayan mutum. Ki zaɓi wanda aka gurza fuskokinsa biyu ya yi fari kamar hazo, a fara jera shi daga sama da kafaɗa, a kuma sa fitilar a kusa da bangon gilashin maimakon bangon da ke fuskantarsa. Kafin ki biya kuɗi, ki karɓi guda ɗaya ki kai gida, ki sa wani ya sa hannunsa a bayan bulon, ya haska shi da tocila da dare, ke kuma ki duba daga nesa.