Amsa ga mai niyyar zuwa Masar karatu: wane ne Amun, kuma yaya aka bauta masa?

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci cewa kana shirin neman gurbi a tsangayar nazarin kayan tarihi ta Jami'ar Alƙahira, amma wani ya faɗa maka cewa kalmar "amin" da muke rufe addu'a da ita daga sunan Amun ta fito, shi ya sa kake son sanin wannan abin bauta tun kafin ka shiga aji.

Maganar amin ba ta da tushe. Kalmar daga saiwa ɗaya take da "amana" da "imani" a Larabci, tana nan kuma a Ibrananci, ma'anarta tabbatarwa da amincewa. Sunan Amun kuwa a harshen Misirawan dā yana nufin "ɓoyayye", wato wanda ido ba ya gani, kuma kamar furuci ce kawai ta haɗa kalmomin biyu.

Da fari Amun abin bautar garin Tibis ne, inda Luksor take a yau a kudancin Masar. Darajarsa ta hau ne tare da ta sarakunan garin, musamman bayan da suka kori Hiksos, baƙin da suka mulki arewacin ƙasar, wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sai aka haɗa shi da Ra, abin bautar rana, ya zama Amun-Ra, ana kiransa sarkin alloli. Za ka gan shi a bango da siffar mutum mai hula mai dogayen gashin tsuntsu biyu, wani lokaci kuma da kan rago, tare da matarsa Mut da ɗansu Konsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara shiga Karnak, babban haikalin Amun a Luksor, bayan na ratsa zauren nan mai ginshiƙai 134, shi ne ƙanƙantar ɗakin da gunkin yake zama da kuma duhunsa. Ba wurin taron jama'a ba ne kamar yadda muka saba da masallaci ko coci. Talaka iyakarsa farfajiyar waje. Firistoci ne kaɗai ke shiga, bayan sun aske gashinsu sun yi wanka a tafkin haikalin, kuma a madadin Fir'auna suke yin hidimar. Kowace safiya sai babbansu ya karya hatimin ƙofa, ya wanke gunkin, ya shafa masa mai, ya sauya masa tufafi, ya ƙona turare, ya ajiye masa gurasa da nama da giya. Daga baya abincin ya koma hannun ma'aikatan haikali, domin shi ne albashinsu.

Jama'a sai a ranakun biki suke kusantarsa, wanda ya fi girma kuwa shi ne Opet, lokacin ambaliyar Kogin Nilu. Ana sanya gunkin cikin akwati a kan ƙaramin jirgin ruwa mai ado, firistoci su ɗauka a kafaɗa daga Karnak zuwa haikalin Luksor, tafiyar kusan kilomita 3, wani zubin kuma a bi ta kogi. A irin wannan fita mutum yakan gabatar da tambayarsa, in jirgin ya matsa gaba an ce e, in ya ja baya an ce a'a. A ganina duk mai hankali zai tambayi kansa su wane ne ke riƙe da sandunan jirgin.

Nan ne batun ya zama na mulki da dukiya. Wata takarda ta zamanin Ramsis na Uku ta lissafa fiye da mutum 80,000 da ke aiki a ƙarƙashin gidan Amun, ban da gonaki da shanu da jirage. Fir'auna Akanatan ya yi yunƙurin karya wannan ƙarfi wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koma bautar Aten, wato faifan rana, ya sa aka kankare sunan Amun daga bangaye, amma bayan mutuwarsa aka maido da komai, har yaron da ya hau gado ya sauya suna daga Tutankaten zuwa Tutankamun. Bautar ta kai Dutsen Barkal a Sudan, kuma Iskandar na Masidoniya ya ratsa hamada zuwa Siwa domin jin bakin wannan abin bauta.

A aji ba wanda zai nemi ka gaskata komai daga cikin wannan. Harshen Misirawan dā da rubutunsa na zane-zane za su fi ba ka wahala, don haka ka ƙarfafa Larabcinka da Turancinka tun daga gida. Idan ka iso, ka bari sai lokacin sanyi ka shiga jirgin ƙasa zuwa Luksor. A cikin haikalin da ake kai gunkin Amun za ka tarar da masallacin Abul Hajjaj ana salla, kuma a maulidin wannan shehi, cikin watan Sha'aban, har yau mutanen garin suna zagaya titi da jiragen ruwa.