Amsa ga mai tambaya kan aikin ido na leza da ba wuƙa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce shekararki 27, tun sakandare kike sa gilashi, kin ji ana wani aikin ido da babu wuƙa, kina son sanin ko da gaske yana raba mutum da gilashi, kuma ko za a iya yi wa Inna da ke fama da yana. Ni an yi mini, shekara huɗu ke nan.

Mu fara sallamar Inna. Aikinta daban ne. Yana tana can cikin ido, cire ta ake yi a sa wata 'yar roba a madadinta. Ki kai ta sashen ido na babban asibiti nan Gusau, in an tura ku Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku je. Haka mai hawan jinin ido, wannan aikin ba ya masa magani.

Naki kuwa a sama yake, kan fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido. Kaurinta kusan rabin milimita ne kawai. A aikin da ake kira LASIK ana ɗaga wani ɗan marfi daga samanta, a sa leza, wato wani haske mai ƙarfi, ta sassaƙe ƙasan yadda haske zai faɗa daidai, a mai da marfin, ba ɗinki. Da can da 'yar reza ake yanka marfin. Tun wajen 2001 aka fara amfani da wata leza mai tsananin sauri wajen yankan, shi ne ake ce wa ba wuƙa. To kin ga yankan yana nan, reza ce dai babu. Akwai kuma SMILE, wanda ba a ɗaga marfi, ƙaramar kafa ake yi a zaro abin da aka sassaƙe.

A Legas aka yi mini. Ɗigo suka sa mini idon ya mutu, ba allura, ba barci. Aka sa wani ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada in ƙifta. Inda na tsorata shi ne da aka danna wani zobe kan idon, sai gani ya ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu. Wallahi salati nake a zuci. Sai kuma wani ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Kafin minti ashirin an gama ido biyun. Zafin daga baya ya zo, kamar an watsa mini yaji, hawaye shar-shar har wajen awa biyar. Da asuba na karanta agogon bangon masauki ba gilashi, na zauna ina ta kallonsa kamar wani sabon abu.

Kuskurena kuwa, a Disamba na yi. Kwana biyar na dawo Gusau tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari. Aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido ya kawo hawaye, don haka ido yakan bushe na wasu watanni ko ba hunturu. Ni kuma ga babur kullum zuwa makaranta ta Tudun Wada. Kafin azahar idona ya yi ja wur, kamar da tsakuwa a ciki. Kwalbar hawayen roba ba ta barin aljihuna, har ɗalibai suka riƙa ce mini Malam mai ɗigo. Da dare kuma fitilun motoci sai su yi mini kewayen haske, na daina fita bayan isha'i har wata uku. Sai da damina ta faɗi na samu sauƙi. In za ki yi, ki nufi damina, ki tanadi baƙin gilashi mai rufe gefe.

Kwalli ki ajiye shi sai likita ya ce. Alwala kuma satin farko a hankali nake shafa fuska, ido a rufe. Murza ido haramun ne a wajenki, marfin kan iya gocewa.

Amma kafin duk wannan, awo. Tare muka je da wani abokin aikina, shi aka sallame shi, fatar nan da ta rufe baƙin idonsa ta yi siriri kuma ta fara tsini. Ya yi ta fushi a mota, alhali taimakonsa aka yi. Duk inda suka karɓi kuɗinki ba su auna kauri da taswirar idon ba, ɗauki jakarki ki fita. Dole lambar gilashinki ta tsaya shekara guda ba ta canza ba, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Mai ciwon suga ta faɗa tun farko.

Yayarki da kika ce ta haura arba'in, ki gaya mata gilashin karatu zai zo ko an yi ko ba a yi ba, wannan na shekaru ne. Ni ma 38 nake yanzu, na fara ɗan nesanta waya in zan karanta saƙo.

Ki turo lambar da ke takardar gilashinki ta bara da ta bana mu gani.