Tsakanin Barewa da Albasa: Gado Ne Ko Tarbiyya?

Wata malamar firamare daga Unguwar Rimi ce ta aiko da tambayar farko. Ta ce: "Malam, Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗalibaina sun ce magabata sun yi tufka da warwara. Me zan gaya musu?"

Malama, yaranki sun yi tunani, a yaba musu. Sai dai karin magana ba doka ba ce da ake kafawa sau ɗaya ta hau kan kowa. Kowacce da ranar da ake ɗauko ta. Ranar da ɗan malami ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu, barewa za a ambata a wajen walima. Ranar da aka kamo ƙaninsa a cikin 'yan sara-suka, albasa za a tuno, cikin ƙasa-ƙasa da murya don kada uban ya ji. Uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duka maganganun biyu sun faɗi gaskiya.

Amma ki duba hoton albasar nan da kyau, don akwai abin da ake tsallakewa. Ki gangara fadamun bakin Kogin Kaduna da rani. Injin ban ruwa guda ne ke shayar da latas, ya shayar da albasa a fangalin da ke kusa. Latas ya fito lami, albasa ta fito da yajin da ke sa mai yankanta hawaye. Mun saba ɗaukar ruwa a matsayin uba, albasa a matsayin ɗa. To ai ruwa bai haifi albasa ba, renonta ya yi. Yajin daga iri ya taho. Ke nan karin maganar da ake ɗauka tana ƙaryata gado, in aka bi ta a hankali, tana iya zama shaida ce ga gadon. Ni dai duk lokacin da na ji an faɗe ta, sai na tambayi kaina wane ruwan ake nufi, na jini ko na tarbiyya.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ce a Kawo, gajeriya: "Gadon kwana da gadon dukiya kalma ɗaya ce?"

A'a, ɗana. Rubutun boko ne ya haɗa su, domin ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti. Gadon kwana "ga" ɗinsa gajere ne, na dukiya kuwa ana jan sa, sannan murya ta sauka a ƙarshe. Aikatau ɗinsa "gada" ne, kuma "d" kan koma "j" a gaban "i" ko "e", shi ya sa muke cewa ya gaji ubansa, ya gaje shi. Daga nan magaji da magajiya suka fito, har da sarautar Magajin Gari da wata unguwa a nan Kaduna ke amsa sunanta. Ka kuma kiyaye, "ya gaji ubansa" yabo ne, "ya gaji da ubansa" abin kai ƙara wurin kawu ne.

Wanda ya fi tsayar da ni shi ne saƙon wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Ya ce jikansa ya taso da zafin zuciya irin na kakansa na wajen uwa, wanda yaron bai taɓa gani ba. Ya tambaya: "In hali zanen dutse ne, wahalar me muke sha da tarbiyya?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Kalmar hali aro ce daga Larabci, kuma a can tana nufin yanayin da abu ke ciki, daga tushen da ke ɗauke da ma'anar juyawa da sauyawa. Mu ma ba mu yar da wannan ma'anar ba, tunda muna cewa halin da ake ciki, muna cewa ba ni da halin biya. Kalmar da muka ce zanen dutse ce, ita ce dai muke kiran abin da ke sauyawa yau da gobe da ita. Wadda ta fi kusa da abin da aka halicci mutum da shi ita ce ɗabi'a, domin tushenta ɗaya da ɗab'i da maɗaba'a, wato abin da aka buga kamar hatimi. Amma a makarantun Islamiyya muna koyar da kyawawan ɗabi'u, ka ga mun yarda ana koyonsu.

Zancen jikanka kuwa ba baƙo ba ne. Mutum na ɗauke da ƙunshin ƙwayoyin gado 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23, kuma abu kan ɓuya a iyaye ya ɓullo a jika. Sikila ce misalin da kowa ya sani: iyaye biyu masu AS, lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ma, da wani ya zo yana shakkar ɗansa saboda launinsa, Annabi (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa wata jijiya ce ta can baya kan fizgo. Turawa sun daɗe suna wannan muhawara ta gado da tarbiyya, tun masanin kimiyya Francis Galton na Ingila a 1874, kuma binciken tagwayen da aka raba tun suna jarirai, wanda aka fara a Minnesota ta Amurka a 1979, ya nuna gado na da hannu sosai a hali, amma bai cinye shi duka ba. Zafin zuciya ba irin sikila ba ne da za a lissafa shi da kashi huɗu. Yaro na iya gadon saurin hasala, amma ko zai zagi babba ko zai tashi ya bar wurin, a gida yake koya.

Kuma gadon Bahaushe tun asali ba jini kaɗai ba ne. In aka ce wane ya gaji ƙira, ai tun yana ɗan shekara shida yake zuga-zugi a gindin ubansa. In aka ce ya sha a nono, ka tambaya: nonon jini ne ko reno? Ka shiga Panteka ka ga yaran da iyayensu manoma ne da mahauta suna walda, suna ƙera injin markaɗe. Ka je Sabon Tasha ka ji ɗan Ibo haifaffen Kaduna yana zuba Hausa ba gargada, har da habaici. Harshe dai ba a gadonsa ta jini ko kaɗan.

Nan ne karin maganar nan ke shigowa, wai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Fatake kan ɗauko kanwa daga ƙasar Barno, garinta na zuba ta jikin buhu, wanda ya jera da mai ɗaukarta sai ya wayi gari da farin kai alhali bai ɗauki komai ba. Saboda haka, Baba, kakan da ya rasu ba yadda za ka yi da shi, amma kana iya leƙawa ka ga su wa jikan ke zama da su a bakin layi bayan sallar isha'i.

Akwai wanda ya tambayi ma'anar "tsatso" da bambancinsa da "zuriya". Wurin ya ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.