Me Ya Sa Likitan Tiyata Yake Aiki da Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, makon nan aka tura mu ɗakin tiyata. Ranar farko ina ƙoƙarin gyara kujera sai na jawo wani abu mai kama da feda, gefe ɗaya ruwan ɗorawa gefe ɗaya shuɗi, daga ƙarƙashin gadon aiki. Likita ya daka min tsawar da har yau take yi min amo a kunne, kuma ba wanda ya yi min bayani. Washegari na ga likitan ido ya tuɓe takalmi yana aiki da safa, kowace ƙafa a kan nata matakin. Don Allah mene ne aikin waɗannan abubuwa, kuma me ya hana a sa su a hannu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki yi haƙuri da tsawar. Ba na goyon bayan a yi wa ɗaliba ihu sannan a bar ta cikin duhu, amma na san abin da ya tsorata likitan, kuma in kin gama karanta wannan ke ma za ki sani.

Ki tuna tela a kan keken ɗinki na ƙafa. Hannayensa biyu suna kan yadi, idonsa na kan allura, ƙafa ce take ba keken rai. Likitan tiyata haka yake, da ƙarin wani abu guda: bayan ya wanke hannu ya sa safar hannu, ba shi da ikon taɓa komai sai abin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Maɓallin da ke jikin inji ya haramta gare shi. Shi kuwa abin da ke ƙasa da gadon aiki dama can ba a lissafa shi cikin wuri mai tsafta, don haka ƙafa ce kaɗai gaɓar da ta rage masa a sake. Wannan hikimar kin riga kin gan ta tun a bakin ƙofa, a famfon wanke hannu da ake buɗewa da gwiwa ko ƙafa, da kwandon shara da ake takawa murfinsa ya ɗaga.

Wanda kika jawo fedar dayatami ce, wato injin da yake yanka nama ya kuma tsayar da jini da wutar lantarki. Tsoho ne a cikin aikin. Wani masanin kimiyya William Bovie ne ya ƙera wanda ya yi suna, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya fara aiki da shi a birnin Boston na Amurka a 1926, shi ya sa har gobe za ki ji wasu likitoci suna kiran injin Bovie ko da wane kamfani ne ya yi shi. Wutar gidanmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, wannan ce take jan mutum ta girgiza shi. Injin yana ɗaga ta zuwa sama da sau 200,000 a daƙiƙa, a nan jijiya da tsoka ba sa iya binta, sai ta zama zafi kawai a daidai bakin ƙarfen da ya taɓa nama.

Launukan nan biyu ki haddace su kamar sunanki. Ruwan ɗorawa yanka ne, shuɗi tsayar da jini. In an taka ruwan ɗorawa wutar tana fita babu yankewa, ruwan da ke cikin naman ya tafasa nan take, naman ya rabu kamar an sa aska. In an taka shuɗi wutar tana zuwa ne guntu-guntu, naman ya bushe ya ƙanƙance, bakin jijiyar jini ya toshe. Kowanne da irin kukansa, kuma da gangan aka bambanta su don kunnen likita ya gaya masa abin da ƙafarsa ta taka. Yanzu ki ƙaddara likita ya riƙe wata 'yar jijiya tana tsartuwa, ya kai ƙafa inda ya bar shuɗi, ashe wata baiwar Allah ta gusar da fedar da taƙi guda. Ya taka ruwan ɗorawa. Jijiyar da yake son rufewa ita ya ƙara buɗewa. Dalilin tsawar ke nan. Shi ba ya ganin fedar, zanen lulluɓi ya rufe ta, da ƙwaƙwalwar ƙafa kawai yake nemanta, kamar yadda direba yake samun birki ba tare da ya sunkuya ba.

Za ki lura a aikin da aka buɗe ciki sosai, kamar cire jariri, sau da yawa ba a ma taɓa fedar, domin alƙalamin dayatamin, wato abin da likita yake riƙewa a hannu, yana da maɓallai biyu a jikinsa masu launuka iri ɗaya da na ƙasa. Inda feda take zama dole shi ne aikin da ake yi ta ƙaramin rami da kyamara, da aikin kankare ƙululun mafitsara na dattawa da ake bi ta hanyar fitsari, da kuma ɗan hantsakin nan mai baki biyu da likitocin ƙwaƙwalwa da na kunne da hanci suke so. Shi wannan hantsaki fedarsa daban ce, guda ɗaya tilo, kuma wutarsa tana wucewa ne tsakanin bakunansa biyu kawai. Ta ruwan ɗorawa da shuɗi kuwa sai ta ratsa jikin majiyyaci ta fita ta faifan da muke manna masa, yawanci a cinya. In faifan bai zauna da kyau ba, wurin da zai ƙone ke nan.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa ni kaffa-kaffa da wannan abu. Shekaru da dama da suka wuce, a wani asibiti da na yi aiki, muna tsakiyar tiyata aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, wanda yake dab da bangon ɗakin. Wani ya riga ya rage kukan injin dayatami zuwa ƙarshen ƙasa don wai yana damunsa. Mataimakin likita ya gaji da tsayuwa, ya gyara ƙafa, diddigensa ya hau gefen feda. Ƙarfen yana ajiye a kan zanen da ya rufe cinyar majiyyaci. Ba wanda ya ji kukan. Ƙauri ne ya ankarar da mu, muka duba sai ga 'yar huda baƙa a zanen, da ɗan tabo a fatar bawan Allah kamar an ɗiga masa kitse mai zafi. Allah Ya taƙaita, domin sifirit ɗin da muka goge fatar da shi ya riga ya bushe. Da da saura, da wani labarin ake yi, don sifirit da iskar oksijin da zane su ne kayan gobarar ɗakin tiyata, tartsatsi kawai suke jira. Ranar wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai na ƙirga kurakurai uku da hannunmu muka yi: ƙarfen ba ya cikin kubensa na roba, an shaƙe kukan inji, feda tana inda ƙafar wanda ba shi ke aiki da ita ba za ta kai.

Likitan ido da kika gani da safa, wannan shi ne gwanin rawar ƙafa a duk asibiti. A zaune yake aiki, idonsa a cikin madubin ƙara girma, kuma madubin kansa da ƙafa ake tuƙa shi: a matso da hoto, a nisanta shi, a daidaita gani, a gusa dama ko hagu da wani ɗan sanda da ake turawa da yatsan ƙafa. Yawanci ƙafar hagu ke wannan. Ta dama tana kan fedar injin feko, wanda yake farfasa yanar ido da girgizar da ta kai kusan sau 40,000 a daƙiƙa ya tsotse ta ta wata 'yar ƙofa da ba ta kai milimita 3 ba. Wani likita a New York, Charles Kelman, shi ya fito da dabarar a 1967. Fedar feko ba kunnawa da kashewa kawai take yi ba, hawa uku gare ta. Taki na farko ruwa yana shiga ido don kada ya lotse. In an ƙara dannawa, ruwa na shiga tsotso na aiki. A hawa na uku girgizar ta haɗu da su, kuma a yawancin saiti iya dannawarka iya ƙarfinta, kamar totur. In bakin ƙarfen ya cafki abin da bai kamata ba, likita yana ɗaga ƙafa ya dawo hawa na farko, ba ya sakinta gaba ɗaya, domin in ruwa ya tsaya idon zai lotse a kan ƙarfen. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa kaɗan ce ƙwarai, da takalmin roba mai kauri ba za ka ji ta ba. Shi ya sa yake tuɓewa. A asibitocinmu da yawa har yanzu da hannu ake ciro yanar ta ƙaramin yanka ba tare da feko ba, kuma aiki ne mai kyau, amma ko a nan za ki tarar da fedar madubi a ƙasa.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Injin hoton ƙashi mai lanƙwasa da ake turowa lokacin sa ƙarfe a karaya yana da feda, kuma duk taki ɗaya haske ne mai ratsa jiki yake fita, don haka in ba ki sa rigar dalma ba ki ja da baya, mai takawa kuma ya faɗa kafin ya taka. Fedar leza, wato injin haske mai ƙona nama, tana da rumfa a kanta don kada ƙafa ta faɗa mata bisa kuskure, kuma da zarar likita ya dakata ana mayar da injin yanayin jira. Injin huda ƙashi ma akwai mai feda. Har mutum-mutumin tiyata na da Vinci, wanda Amurka ta amince da shi a 2000, likitan da ke tuƙa shi daga kujera yana da jerin fedoji a gabansa, na kyamara da na wuta da wata mai aikin kuloci.

Akwai kuma wadda na fi ƙauna, duk da ba ta da kwarjini: injin tsotso na ƙafa. Babu waya, babu batir, ƙafarki ce injin. Ranar da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, majiyyaci yana amai a kan gado, ita ce za ta fitar da ku kunya. Ki nemi inda take a ɗakinku, ki taka ta ki toshe bakin robar da yatsa ki ji ko tana ja. Sau da yawa za ki tarar robar ta tsage tun bara ba wanda ya duba.

To mene ne naki a ciki? Nas ɗin da ta wanke hannu ba za ta taɓa feda da hannu ba, likita ma haka. Nas mai zagaye ce take da ita, kuma a matsayinki na ɗaliba nan za a fara tsayar da ke. Kafin a shigo da majiyyaci ki bi wayar da hannu daga feda har jikin inji, ki duba ko tayar gado ta taɓa murje ta, don nan ne take yawan mutuwa. Ki tabbatar kowace waya ta shiga raminta, na hantsaki daban, na mai launi biyu daban. Bayan an lulluɓe majiyyaci likita ya tsaya inda zai tsaya, sai ki durƙusa ki tura fedar har ta taɓa takalminsa, ki ce, "Likita, ga feda a ƙafarka ta dama, ruwan ɗorawa na hagu." Ki bari ya taka kowanne a iska kowa ya ji kukan. In ya koma ɗaya gefen gadon, ki bi shi da ita ki sake faɗa. In akwai feda uku a ƙasa alhali ɗaya ake bukata yanzu, ki janye biyun, amma da sanarwa. Laifinki na ranar nan bai wuce wannan ba, kin gusar ba ki faɗa ba.

Ƙasan ɗakin tiyata wurin jini ne da ruwa, musamman a aikin mafitsara inda ruwa yake kwarara lita-lita. Fedoji masu kyau a rufe suke ruf, za ki ga an rubuta IPX8 a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu, alamar ruwa ba ya shiga. Duk da haka mu kan sa ta a farar leda wadda ake ganin launukan ta ciki. Kada ki yarda da baƙar leda, na sha ganin an yi, kuma ta ɓoye abin da ake bukatar gani. In ledar tana sa ta zamewa a kan tayil, ki shimfiɗa ɗan tawul a ƙarƙashi. Fedoji marasa waya da suka fara shigowa sun raba mu da tuntuɓe, sai dai sun kawo nasu ciwon kan: batir yakan mutu ana tsakiyar aiki, don haka ki san inda wayar ko-ta-kwana take, kuma kada a ɗauki ta wannan ɗaki a kai wancan, tunda kowace da injin da aka haɗa ta da shi.

In kika ji inji yana kuka alhali ƙarfen ba ya hannun likita, kada ki tsaya neman izini ko tunanin ke ƙarama ce. Ki ɗaga murya ki ce, "Ana taka feda!" Kowa zai ɗaga ƙafa. In kukan bai tsaya ba, fedar ce ta maƙale, ki kashe injin daga maɓallinsa. Bayan an gama aiki ki goge ta da maganin da ɗakinku yake amfani da shi, har ƙarƙashi da tsakanin matakan inda jini yake maƙalewa ya bushe, ki naɗe wayar sakwa-sakwa, ki ɗauke ta da jikinta. Kada ki ɗaga ta da waya kamar an kamo ɓera da wutsiya, yawancin waɗanda na gani sun lalace ta haka suka fara.

Gobe ki riga kowa shiga, ki roƙi nas mai kula da ɗakin ta kunna miki injin babu majiyyaci, ki taka ruwan ɗorawa ki taka shuɗi har sai kin iya bambance kukansu ido a rufe. Allah Ya ba da sa'ar karatu, ki gaida malamanku.