Amsa ga mai son komawa karatu bayan aure

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce shekara goma rabonki da aji, ga yara uku ga shago, kina tambaya ko digiri zai yiwu. Wallahi zai yiwu. Ki duba NOUN, jami'ar karatu daga gida da aka farfaɗo da ita a 2002. Littattafan darasi suna shafinsu na intanet, sai ki sauke a waya. Aikin gida da suke kira TMA maki 30 ne, jarrabawa 70, ita kuwa a cibiyarsu ake rubuta ta.

Wahalar dai babu malamin da zai tsaya a kanki. Ni bayan sallar asuba nake buɗe littafi, kafin yara su tashi neman koko. Don Allah kada ki bari TMA ta taru miki har ƙarshen zango.