Tambaya da Amsa: Me ya sa yarana suke kamar an manna su a hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a nan Jega. Na kai wa wani mai hoto hotunansu ya ɗora su a kan wani babban filin wasa na Turai, don mu raba wa iyaye bayan gasa. Da aka wanko, kowane yaro kamar da almakashi aka yanko shi, ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ina matsalar take, kuma zan iya gyarawa da kaina?
Daga wani koci a Jega

Amsa: Wa alaikumus salam Koci. Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Garin da ya fitar da ɗan ƙwallo Zaidu Sanusi, wanda ya koma ƙungiyar Porto ta ƙasar Portugal a 2020, ya cancanci yaransa su samu hoto mai kyau.

Ko ban ga hotunan ba, na san ciwon. Tun wajen ɗauka aikin ya lalace, ba a kwamfuta ba. Ina kyautata zaton da rana tsaka aka ɗauki yaran, lokacin da ranar Kebbi take tsakar ka, ta zuba musu inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa. Shi kuwa filin Turan, galibi da dare ake ɗaukarsa, fitilu na haskawa ta kowace kusurwa. Haske biyu ne da ba sa ga maciji. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kyamara ba, tana kallo za ta ce akwai abin da bai zauna ba.

Shawarata, ka bar filin Turai. Ka ɗauki hoton filin da zai fito bayan yaran da kanka, a filin da yaran suke atisaye, ko in ka shigo Birnin Kebbi ka nemi izini a filin wasa na Haliru Abdu. Ka ɗauki filin ba kowa, da la'asar sakaliya, ka lura ta wane ɓangare rana take. Yaran ma a irin wannan lokacin za ka ɗauke su, rana ta wannan ɓangaren dai. Sannan tsayin kyamara: in a durƙushe ka ɗauki fili, a durƙushe za ka ɗauki yaro. Ni har kwanciya nake yi rub da ciki, domin daga ƙasa yaro ɗan shekara 12 yake fitowa da kwarjini.

Kwanakin baya na ɗauki wani ƙaramin gola a nan Birnin Kebbi. Katifa muka shimfiɗa gaban wani farin bango, abokinsa yana jefa masa ƙwallo yana daka tsalle. Sai a karo na tara na samu abin da nake so: yatsu a buɗe, ido a kan ƙwallo, gefen jesi ya tashi. Saurin ƙiftawar kyamara na sa shi a 1/1000 na daƙiƙa, don ƙasa da haka hannu da ƙwallo sukan yi dishi-dishi. In waya ce a hannunka, danna ka riƙe ta ɗauki jeri, ka zaɓi guda. Kada ka ce wa yaro ya yi kamar yana bugawa. Ba shi ƙwallo ya buga da gaske, jiki ba ya ƙarya.

Batun ƙafar da ba ta taɓa ƙasa ba kuwa, inuwa ce babu. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop, ko PicsArt a waya, ka buɗe wata shimfiɗa (layer) ƙarƙashin hoton yaron, ka zana inuwa mai duhu siririya daidai inda takalmi ya taka, sai wata mai laushi da ta miƙe ta kishiyar rana. In a sama yake, inuwar ta rabu da shi, ta yi faɗi-faɗi a ƙasa. Ni nakan ƙara 'yar ƙura a gindin takalmi, wadda na ɗauka daban wani yaro yana shurin ƙasa. Gefen jiki ma a ɗan tausasa shi, kada ya yi kaifi kamar reza. In lokacin hunturu ne, hazo yana dusashe launin fili, to a ɗan rage ƙarfin launin jesin su daidaita.

Wajen wanki, hoto mai inci 8 da 10 yana son fiksel (ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto) 2400 da 3000. Ka tura shi ta WhatsApp a matsayin dakumen, in ba haka ba sai ya matse shi.

Abu ɗaya nake roƙonka, Koci. Kada a ƙara wa yaro ƙwanji ko tsayi, kada a haska masa fata. Uwarsa ɗanta take so ta rataya a ɗaki. Kuma kafin ka sa hoton kowane yaro a Facebook, ka je ka sami mahaifinsa ka nuna masa, ya amince tukuna.