Batirin Canon ba ya shiga kowace Canon

Ka ce da ni, "Maigida, tunda kyamarorin 600D da 1300D duk Canon ne, me zai hana in ciro batirin wannan in sa wa waccan idan caji ya ƙare ana tsakiyar biki?"

Ɗana, sunan kamfani ba ya raba wannan gardamar. Juya batirin ka karanta lambar da ke bayansa. Na 600D an rubuta LP-E8, shi ne kuma na 550D da 650D da 700D. Na 1300D kuwa LP-E10 ne, suna tarayya da 1100D, 1200D, 2000D da 4000D. Girmansu ba ɗaya ba ne, haka wurin da ƙarafan bakinsu suke zaune. In ka tura batir ka ji ya cije, to ka dakata, kada ka danna. Ƙarafan da ke can cikin ramin kyamara sirara ne ƙwarai, da zarar sun lanƙwashe sai wajen mai gyara, kuɗin kuma ya fi na sabon batir.

Amma akwai batiran da suke dangi guda, kuma nan nake so ka buɗe kunne. A 2008 Canon ta fito da LP-E6 tare da 5D Mark II. Wannan batirin yana aiki a 60D, 70D, 80D, 6D, 7D, har 5D Mark IV. A 2014 aka yi LP-E6N, a 2020 kuma LP-E6NH ya zo da R5 da R6. Jiki ɗaya, caja ɗaya, sai dai na farko mAh 1800 ne, na 2020 kuma 2130. Wannan mAh ɗin kamar girman tankin mai ne: babba ya fi daɗewa, ba ya kuma cutar da kyamara. Abin da ke ƙona kaya shi ne bambancin volt. Waɗannan manyan duk suna tsakanin 7.2 da 7.4, ƙananan kyamarorin aljihu kuwa galibi 3.6 ko 3.7 ne.

Nikon ma haka take. EN-EL15 da ya zo da D7000 a 2010 yana aiki a D7100, D7200, D610, D750 da D810. Amma D3200 da D5200 nasu EN-EL14 ne, ba sa haɗa hanya da wancan. A Sony, a6000 da a7 II suna cin NP-FW50, a7 III kuma NP-FZ100.

Ko a cikin dangi ɗaya, sabon batir ya fi yarda da tsohuwar kyamara a kan tsohon batir da sabuwa. EN-EL3e na D90 da D300 yana da ƙarafa uku a baki, kuma yana aiki a tsohuwar D70. Amma na D70 mai ƙarafa biyu ba zai tayar da D90 ba, don ta ƙarfe na ukun nan kyamarar take sanin halin da batir yake ciki. Haka tsohon LP-E6 zai kunna EOS R, amma ba za ka iya caja shi a cikinta ta wayar USB ba, sai LP-E6N. Ga mu da wuta ba ta zama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai maganar masu arha na kasuwa. Ban hana ka saya ba, akwai na wasu kamfanoni masu kyau. Wanda nake gudu shi ne jabun da aka manna wa tambarin Canon ko Nikon. Wani zai yi aiki amma ba zai nuna sauran caji ba, sai kawai kyamara ta ɗauke ana shigo da amarya, lokacin da ba a maimaita shi. Duk batirin da ka ga cikinsa ya kumbura, ko ka ɗora shi a tebur yana rawa, ka ajiye shi gefe, kada ya sake shiga kyamara ko caja. Kuma kar ka bar jakar kaya cikin motar da ke rana, zafi yana cinye ran batir.

Ranar da za ka sayi kyamara ta biyu, ka fara tambayar batirin da take ci kafin ka yi ciniki. In da hali, ɗauki wadda ta yi tarayya da ta hannunka. In batir na hannu za ka saya, tafi da kyamararka ka gwada a gaban mai shago. A Canon masu LP-E6, shiga wurin bayanin batir: in ka ga alamomi koraye uku lafiyayye ne, ja ɗaya kuwa ya gaji. Wasu Nikon kuma suna nuna tsufansa daga 0 zuwa 4, in ka ga 4 ka mayar masa da abinsa.